An yaɗa littafina ba da izinina ba, amma 'yan sanda sun ce ba sata ba ce

Tambaya: Barista, ni marubuciya ce, ina zaune a Agege. Ina rubuta littattafan Hausa ina sayarwa ta WhatsApp, duk wadda ta biya naira 500 sai in tura mata. Sabon littafina ko mako biyu bai yi ba na gan shi yana yawo kyauta a guruf-guruf. Wata ta goge sunana ta sa nata tana sayarwa, sannan wata tasha a YouTube tana karanta shi babi-babi, ga talla na fitowa a kai. Maigidana ya raka ni caji ofis na ce an yi mini sata. Aka ce me aka ɗauka, na ce littafi. Aka ce ina littafin yake, na nuna shi a wayata. Sai aka ce ai ga shi a hannunki, wannan ba sata ba ce. Ashe doka ba ruwanta da wahalar da na sha?

Amsa: Malama, sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Wanda ya amsa miki a caji ofis ya faɗi rabin magana ne ya bar rabi. Gaskiya ne abin da aka yi miki ba sata ba ne a wurin doka. Amma an keta miki haƙƙin da dokar tarayya ta ba ki, kuma akwai hukuma da kotu da aka ware domin irin wannan. Ƙararki tana da ƙarfi, sunan da aka sa mata ne ya kai ta inda ba wurinta ba.

Ba kowace cuta da aka yi wa mutum a dukiyarsa doka ke kira sata ba. A jihohin Arewa, sashe na 286 na Final Kod ya ce sata ita ce mutum ya gusar da kayan da ake iya ɗauka daga hannun mai shi, ba da yardarsa ba, da mugun nufi. A Kudu, sashe na 383 na Kiriminal Kod yana magana ne a kan ɗauka ko karkatar da abin wani cikin zamba, kuma nufi na farko da ya ambata shi ne nufin raba mai abu da abinsa har abada. Legas tana da tata dokar laifuka tun 2011, ita ma a nan ta tsaya: an ɗauki dukiyar wani da nufin kada ta koma masa. Duk dokar da kika buɗe, sai abin ya bar hannun mai shi kafin a ce an yi sata.

Da a ce kin hau danfo daga Oshodi, wayarki na cikin jaka, a turmutsutsun sauka wani ya zuge zif ya zare ta, wannan sata ce tsantsa. Za a rubuta irin wayar da lambarta da kuɗinta, idan an kama shi a kai shi kotun majistare. Ko da littattafanki goma na cikin wayar, waya za a rubuta a takardar tuhuma. Ɓarawon bai taɓa haƙƙin mallakarki ba sai ranar da ya buɗe wayar ya kwafi littafin ya yaɗa. Daga ranar ya tara laifi biyu, kowanne da dokarsa, kowanne da kotunsa.

A naki lamarin littafin bai motsa daga wayarki ba. Kwafi kamar ɗibar wuta ne daga murhun maƙwabciya, an kunna can amma nan ba ta ragu ba. Abin da ya ragu a wurinki shi ne masu saye, da ikonki na cewa wane ya karanta, a kan nawa. Asara ce ta gaske, wani lokaci ma ta fi asarar waya nesa ba kusa ba, sai dai dokar sata ba a gina ta don ta kama irinta ba.

Kotuna sun sha fuskantar wannan tambaya. A Ingila, cikin 1985, an yi shari'ar wani mai haska fim a silima da ake kira Lloyd. Yakan fitar da fim daga wurin aikinsa na 'yan awoyi, abokan harkarsa su kwafe shi a kaset, ya mayar da shi kafin lokacin haskawa, ba wanda ya ankara. Aka same su da laifin haɗa baki don yin sata. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce fim ɗin ya koma wurin mai shi lafiya lau, ana iya haska shi a karɓi kuɗin 'yan kallo kamar da, don haka babu nufin raba mai abu da abinsa. A shekarar dai, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Dowling, wanda ke buga faya-fayan waƙoƙin Elvis Presley ba izini yana aika su jiha-jiha. An tuhume shi da dokar safarar kayan sata, kotun ta ce faya-fayan ba kayan sata ba ne, domin mai keta haƙƙin mallaka bai ƙwace haƙƙin daga hannun mai shi ba, bai kuma hana shi amfani da shi gaba ɗaya ba. Hukuncin keta haƙƙin mallaka da aka yi masa kuwa yana nan bai taɓu ba. Waɗannan hukunce-hukunce ba su wajaba a kan alƙalin Najeriya ba, amma alƙalanmu suna duba su, musamman na Ingila, kuma dalilin da suka dogara da shi ya zauna daidai da dokokinmu.

Dokar da ke tsaye a bayanki ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Daga lokacin da kika rubuta labarinki ya zauna a takarda ko a waya, ke kaɗai ke da ikon kwafarsa, buga shi, fassara shi, mayar da shi fim ko murya, karanta shi ga jama'a, da sanya shi a intanet inda kowa zai same shi lokacin da ya ga dama. Ba sai kin yi rajista ba. Hukumar Haƙƙin Mallaka tana da tsarin rajista na ganin dama, yana taimakawa wajen hujja, amma ba shi ke haifar da haƙƙin ba. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan ba da izininki ba, ya keta.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, su ce ai na biya kuɗina. Wanda ya sayi littafin takarda a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin masallacin Juma'a, takardar tasa ce. Ya ara wa abokinsa, ya ba da kyauta, ya sayar da shi kwance, ba mai ce masa don me, tunda kwafi ɗaya ne ke sauya hannu. Amma da zarar ya kai shi shagon fotokwafi ya buga ɗari, ya shiga abin da bai saya ba. Turawa a WhatsApp irin bugawar ce, ba irin aron ba, domin duk turawa sabon kwafi take haifarwa kuma na farko yana nan. Naira 500 ɗin da aka biya ki kuɗin karatu ne, ba kuɗin rabawa ba.

Mutum uku ne suka taɓa ki, kuma bai kamata ki yi musu kuɗin goro ba. Wadda ta saya ta tura guruf ta keta haƙƙinki ko da ba ta karɓi ko sisi ba. A nan akwai babban bambanci da sata. Ba a samun mutum da laifin sata sai an tabbatar da mugun nufinsa; wanda ya ɗauki takalmin wani a ƙofar masallaci yana zaton nasa ne ba ɓarawo ba ne. A ƙarar neman haƙƙin mallaka kuwa ba a tambayar niyya. "Wallahi ban san laifi ba ne" ba ta wanke mutum. Iyakar sassaucin da doka ta yi shi ne ga wanda bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zaton cewa aikin yana da haƙƙin mallaka. Shi ba za a sa shi biyan diyya ba, amma zai dawo da ribar da ya ci. Wadda ta tura miki kuɗi da hannunta kafin ta samu littafin da wuya ta fake a nan. Duk da haka, shawarata kada ki kashe kuɗin lauya a kanta. Ki rubuta mata da mai kula da guruf ɗin cewa su cire, ki ajiye shaidar saƙon, ki daina sayar mata.

Wadda ta goge sunanki ta fi muni. Bayan kwafa da sayarwa, ta taka wani haƙƙi daban da doka ta ba marubuci, wato a ambace shi a matsayin mai aikin, kuma kada a jagwalgwala aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci. Wannan haƙƙi yana tare da ke ko da kin sayar wa kamfani littafin kacokan. Ni a wurina ita ce ta fi cancantar wasiƙar lauya, domin masu karatu za su fara shakkar wace ce ta kwafi wata, kuma suna shi ne jarin marubuciyar intanet.

Tashar YouTube ita ce mafi sauƙin kamawa. Karanta littafi a murya a ɗora wa duniya yana cikin abubuwan da ke buƙatar izininki, ko da sun ambaci sunanki a farkon kowane babi. Ambaton suna ba izini ba ne. YouTube yana da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka da mai aiki zai cika da kansa ba tare da lauya ba, idan ƙorafin ya cika ƙa'ida a sauke bidiyon, tashar da ta tara gargaɗi uku kuma tana iya rasa kanta ɗungurungum. Ki sani sunan mai ƙorafi yana isa ga mai tashar. Dokarmu ta 2022 ita ma ta kawo irin wannan tsari, na aika wa mai shafi sanarwa ya sauke abin da aka keta, ta kuma ba hukuma ikon toshe shafin da ke wannan sana'a.

Kotun da ke da hurumi ita ce Babbar Kotun Tarayya, kamar yadda sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. A Legas tana Ikoyi. Majistare ba ya sauraron wannan ƙara, babbar kotun jiha ma haka. Kuma idan kika duba abin da za ki iya samu a can, za ki ga rashin kiran abin sata bai rage ki da komai ba. A shari'ar sata gwamnati ce mai ƙara, ke shaida ce kawai. A ɗaure ɓarawo, in an yi sa'a a dawo miki da kayanki. A shari'ar haƙƙin mallaka ke ce mai ƙara. Kina iya neman umarnin da zai dakatar da yaɗawar tun kafin a gama shari'a, wanda ga sabon littafi shi ne mafi amfani, domin kasuwarsa a makonnin farko take. Kina iya neman diyyar asararki, ko kuma ki ce a lissafa ribar da suka ci a miƙa miki. Kina iya neman a ƙwace kwafe-kwafen. Akwai ma umarnin da lauyoyi ke kira Anton Piller, daga sunan wata shari'ar Ingila ta 1976, inda kotu ke ba da dama a shiga shago ko sito a bincika a kwashe hujja ba tare da an sanar da mai wurin tun da wuri ba, don kada ya ɓoye kaya.

Wannan ba ya nufin babu ɗauri a ciki. Dokar ta mayar da wasu nau'o'in ketawa laifi, musamman na kasuwanci: bugawa don sayarwa, shigo da kwafin bogi daga waje, sayarwa, bayar da haya, da ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi. A tsohuwar doka tarar mai bugawa ba ta wuce naira 1,000 a kan kowane kwafi ba, ta mai sayarwa naira 100, shi ya sa masu wannan sana'a ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Sabuwar ta ce tarar ba za ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin shekaru, ko a haɗa duka. Mai bin wannan ɓangare ita ce Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, amma ba NCC ta layukan waya ba, sunan ne ya zo ɗaya. Jami'anta suna da ikon shiga wuri, ƙwace kaya, kama mutum da gurfanar da shi, kuma tana da ofis a Legas. Su ne ke kai samame kan masu buga faya-fayan bogi a irin kasuwar Alaba. Doka ta yarda a yi shari'ar laifi da ta neman diyya a lokaci guda a kan abu ɗaya. Mai sayar da littafinki da sunanta da mai tashar da ke cin kuɗin talla duk suna iya faɗawa nan. Wadda ta tura kyauta ga ƙawayenta lamarinta ya fi zama na neman haƙƙi.

Akwai masu cewa me zai hana a haɗe su kawai, a ce duk mai kwafa ɓarawo ne a huta. Ban yarda da su ba, kuma ke kanki za ki cutu da hakan. Haƙƙin mallaka yana da iyakokin da mallakar waya ba ta da su, kuma da gangan aka sa su. Ba ya kare ra'ayi ko jigon labari, yadda kika rubuta shi yake karewa. Auren dole, kishiya mai shiga malamai, attajirin da ya ɓad da kama ya auri talaka, waɗannan na kowa ne. Idan wata ta rubuta nata labarin a kan jigon da kika yi, da kalmominta da taurarinta, ba ta taɓa ki ba, haka ke ma ba ki taɓa waɗanda suka riga ki ba. Doka ta kuma bar ƙofar amfani na adalci: mai sharhi ya ɗauko sakin layi ya yi nazari, ɗalibi ya yi bincike, ɗan jarida ya ba da rahoto, gwargwadon abin da aka ɗauka da tasirinsa a kan kasuwar aikin. Ba wanda aka yarje wa ya ɗauki kwatar wayarki don yin sharhi, amma an yarje masa ya kawo 'yan layukan littafinki. Sannan haƙƙin yana ƙarewa. Na littafi yana kaiwa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu, na fim da hoto da faifan sauti shekara 50 daga fitowarsu. Shi ya sa kowa na iya buga littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ba tare da neman izinin kowa ba, ko da yake wanda ya yi sabuwar fassara yana da haƙƙi a kan fassararsa. Da dokar sata ce ke aiki a nan, da duk wannan ya toshe.

Na san tambayar addini tana zuciyarki, tunda masu turawa kan ce ilimi ba a ɓoye shi. Fiƙihu ma ya bambanta. Satar da ke jawo haddi tana da sharuɗɗa: a ɗauki dukiya a ɓoye daga ma'ajiyarta, ta kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami uku a mazhabar Malikiyya. Kwafar littafi ba ta shiga wannan siffa ba. Amma rashin haddi bai halatta abu ba, ha'inci da cin amana ma ba a yanke hannu a kansu, kuma haramun ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin OIC, ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba.

Ki kiyaye abu ɗaya tun yanzu. Kada zafin rai ya sa ki ɗora hoton wata a Facebook ki rubuta "ɓarauniya". Jingina wa mutum laifin da ba shi doka ta san ya aikata ba yana iya buɗe masa ƙofar ƙarar ɓata suna, sai ki koma mai kare kai a shari'ar da ke ya kamata ki shigar. Ki faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faru: littafina ne, na fitar da shi ranar kaza, ban ba kowa izinin sayarwa ko karantawa ba.

Kafin ki tunkari kowa, ki tattara hujja, domin da sun ji motsi za su goge. Ki ɗauki sikirinshot na saƙon da ke guruf ɗin yadda lambar mai turawa da kwanan wata za su fito, da tallar mai sayarwa da lambar asusun da take karɓar kuɗi, da adireshin kowane bidiyo da adadin waɗanda suka kalla. In da hali, ki sa wata ta saya a wurinta ta ajiye rasit ɗin banki. Ki adana rubutunki na farko, na littafin makaranta ne ko na waya, da saƙonnin da kika fara tura wa masu saye, su ne za su nuna wa ya riga wa. Kada ki sayar da wayar ko ki goge ta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a bayyana na'urar da aka ciro hujjar daga cikinta, da takardar shaida a kan haka. Da waɗannan a hannu za ki cika fom ɗin YouTube, ki rubuta wa NCC takardar koke, lauya kuma ya aika wa mai sayarwar wasiƙa.

Sau da yawa da bidiyo ya sauka mai tashar ne zai nemo ki da kansa, yana son a sasanta. Idan tasharsa tana da masu saurare, sasantawar tana iya fi miki shari'a amfani. Amma ki sa a rubuce: wane littafi, a wace tasha, na tsawon wane lokaci, nawa ne ko kashi nawa, da cewa za a ambaci sunanki. Ki tabbata takardar ta ce izini kika ba shi, ba sayar masa da haƙƙin kika yi ba, kuma kina da damar ba wani ko mayar da labarin fim. Doka ba ta amincewa da sayar da haƙƙin mallaka ko izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya sai an rubuta, don haka duk takardar da aka miƙo miki ki karanta ta layi-layi, ko ki kai wa lauya ya duba, kafin ki sa hannu.